Gulma a Sararin Samaniya

A watan Disamba na 2013, a sansanin sojojin sama da ke Mando a Kaduna, Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da wani jirgi marar matuƙi da injiniyoyin rundunar suka ƙera. Sunansa Gulma. A Fabrairun 2018 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ƙanensa, Tsaigumi. Halayen da malamai ke tsawatarwa a kansu a wa'azi, su aka raɗa wa jiragen.

Sunan bai saɓa wa aikin ba, domin dukansu na leƙen asiri ne: su hango, su kai rahoto. Aya ta 12 a Suratul Hujurat kuwa ta haɗa binciken asirin mutane da giba a hani guda. To, ina matsayin injiniyan da ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen ƙera ido?

Ta wani gefen yana da hujja mai ƙarfi. A daren Yaƙin Khandaƙ, Annabi (SAW) ya aiki Huzaifa ɗan Yamani ya kutsa sansanin Ƙuraishawa ya kawo labari. Manomin Birnin Gwari da 'yan bindiga suka raba da gonarsa ma ba zai kira idon da ke neman maɓoyarsu magulmaci ba.

Sai dai Huzaifa ya shiga cikin mutanen, ya zauna, ya ji da kunnensa. Jirgi daga nesa yake gani. A daren 3 ga Disamba, 2023, wani jirgi marar matuƙi na sojojin ƙasa, ba ɗaya daga cikin waɗannan biyun ba, ya hango taro a Tudun Biri cikin ƙaramar hukumar Igabi, ya kai musu hari. Masu Mauludi ne. Aƙalla mutum 85 suka rasu, da yawansu mata da yara, kuma rundunar ta amsa cewa kuskure ne. Aya ta 6 a Suratul Hujurat dai ta umarci a tantance labari kafin a cutar da wasu cikin rashin sani, a wayi gari ana nadama. Wannan umarnin ya hau kan mai danna maɓalli, ya kuma hau kan wanda ya zana na'urar, tunda shi ya san iyakar abin da kyamararsa ke iya bambancewa. Kyakkyawar niyya ba ta sauke masa nauyin faɗa wa manyansa wannan iyakar.

Irin tambayar ce ke jiran masu kwamfutar kwantum, fannin da injiniyoyin sararin samaniya ke shiga a Amurka da Turai. Tun 1994 Peter Shor ya nuna cewa idan irin wannan kwamfuta ta ƙasaita, za ta iya ɓalle makullan lissafin da ke tsare saƙonnin banki da na waya. Har yanzu ba a gina mai wannan ƙarfin ba, amma a Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin makullai domin a sauya tun kafin ranar ta zo.