Tsatso a Ƙarƙashin Randa: Ina Izinin Kisa Ya Tsaya?

Idan damina ta yi nisa, ƙasa ta ƙoshi da ruwa har gindin bango ya fara danshi, uwargida kan ɗaga randa don ta share ƙarƙashinta, sai ta tarar da su: 'yan ƙwari sirara, masu launin ƙasa-ƙasa, kowanne da almakashi a wutsiya, suna rige-rigen shiga tsaga. Tsatso ke nan. Abin da ke biyo baya kowa ya san shi. A aiki yaro ya sayo fiya-fiya, a yayyafa lungu-lungu, a ja ƙofa. Da wuya a sami wanda ya tsaya ya tambayi laifin da ƙwaron ya yi.

Tambayar nan kuwa ta addini ce, kuma malamai sun daɗe da taɓa ta. A cikin Bukhari da Muslim an ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci halittu 5 da ake kashewa ko da a Harami ne: kunama, ɓera, hankaka, shirwa da kare mai cizo. Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa an hana kashe wasu 4: tururuwa, ƙudan zuma, alhudahuda da wani tsuntsu da Larabawa ke kira surad. Tsatso ba ya cikin waɗancan, ba ya cikin waɗannan. Yana tsakiya, inda dubban ƙananan halittu suke, inda aka bar wa mutum awo a hannunsa. Ma'aunin da malaman fiƙihu suka ajiye shi ne cutarwa.

To, wace cuta tsatso yake yi? Ba shi da dafi. Almakashin da ke firgita mutane, na namiji a lanƙwashe, na mace kusan a miƙe, da shi yake kare kansa da kama abinci, kuma ko ya matsi yatsa da wuya ya huda fata. Ba ya shan jini kamar sauro, ba ya cin azara kamar gara. Mafi yawan baƙin jininsa gado ne daga camfin Turawa, waɗanda suka yi imani yana shiga kunnen mai barci ya haƙa rami har ƙwaƙwalwa. Shi ya sa sunansa a Turanci da Faransanci da Jamusanci duk yake ɗauke da kalmar kunne. Kowane ƙaramin ƙwaro na iya ɓatan kai ya faɗa kunne, amma zancen cin ƙwaƙwalwa ba shi da tushe. Larabawa sun fi yi masa adalci, suka kira shi Abu Miƙas, wato mai almakashi, suka tsaya ga abin da ido ya gani.

Ba a ce ba shi da ɓarna ba. Yakan ci tsiron da bai yi ƙwari ba, da furanni, da 'ya'yan itace masu laushi, kuma mai lambun da ya wayi gari ya ga shukarsa a huje yana da haƙƙin ya kare ta. Sai dai wannan bakin da ke cin ganye shi ne ke cin ƙwayayen wasu ƙwari da ƙananan tsutsotsi. Masu gonakin tuffa a Turai har gida suke yi masa: su cusa ciyawa a tukunyar fure, su kife ta a reshe, don ya kwana a ciki da rana, da dare ya fito ya cinye ƙwarin da ke tsotsar ganye. A gonakin masara ma an ga irinsa yana cin ƙwan tsutsar nan mai cinye ganye, wadda aka fara ba da rahoton ɓullarta a Afirka ta Yamma a 2016.

Akwai wani hali nasa da ya kamata ya sa hannu ya yi sanyi. Cikin nau'o'insa kusan 2,000 da aka sani, uwa ba ta yin ƙwai ta tafi abinta kamar yawancin ƙwari. Takan haƙa ɗan ɗaki a ƙasa, ta zauna kan ƙwan, tana juya su, tana lashe su ɗaya bayan ɗaya don kada fumfuna ta kama su. Idan aka warwatsa su, sai ta bi ta tattaro. Bayan ƙyanƙyasa ma tana tsare 'ya'yan na ɗan lokaci. Wanda ya san wannan, idan ya kai aya ta 38 a Suratul An'am, inda aka bayyana dabbobi da tsuntsaye a matsayin al'ummomi irin namu, zai ji ta a jikinsa.

Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, littafin da almajiran zaure suka sha biyawa, ta yi magana kan irin wannan a kusa da ƙarshenta. Ta yarda a kashe tururuwa idan ta cutar kuma ba a iya jure mata, amma ta nuna barinta ya fi. Ta kuma ƙi a kashe ƙwarƙwata da ƙuma da wuta. Abin lura a nan shi ne tsarin tunanin: a fara tabbatar da cutar, a duba ko akwai wata mafita, sannan a zaɓi hanyar da ba ta wuce gona da iri. Hadisin wani Annabi daga cikin annabawa da tururuwa ɗaya ta cije shi ya sa aka ƙone gidansu duka, Allah Ya yi masa wahayi na gyara, a kan wannan wuce iyakar yake.

Feshin guba a ɗakin kwana saboda ƙwaron da ba ya cizo wuce iyaka ne, kuma ba a kan tsatso kaɗai yake ƙarewa ba. Yana kashe gizo-gizo da sauran masu cin sauro, yana sauka a kan tabarma da kwanon abinci, jariri yana shaƙa. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da Sniper da ire-irensa a kasuwanni da kantuna, domin maganin gona ne da aka mayar na cikin gida. Ƙyama kawai ba ta kai hujjar da za a ɗauki wannan haɗarin ba.

Hanyar da ta dace ba ta da tsada. Tsatso danshi yake bi da duhu, ba mutum ba. A ɗora randa kan bulo don iska ta ratsa ƙarƙashinta. A janye itacen girki da tarin ganye da tsummoki daga jikin bango, a gyara famfon da ke ɗiga, a buɗe wa kwata hanya, a liƙe tsagar bango da ta ƙasan ƙofa. Waɗanda suka riga suka shigo, tsintsiya ta ishe su. In sun yi yawa, a naɗe tsohuwar jarida, a ɗan jiƙa ta, a ajiye a lungu da magariba, ko a ajiye guntun gora mai rami. Kafin gari ya waye sun cika shi. Mai kaji ya kakkaɓe musu su yi kalaci, mai 'yar gonar masara a bayan gida kuma ya kai su can ya zazzage a gindin kara.