Hannun Yaro da Tsoron Annoba

A watan Afrilun 2020, lokacin da aka kulle Kano saboda korona, tambaya irin wannan kan hana iyaye sukuni: matashi ya yanke hannu da gilashi, jini na zuba, a kai shi asibitin da ake fargabar cutar, ko a ɗaure da tsumma a zauna gida?

Tsoron bai tsaya a Kano ba. A Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta ce masu zuwa sashen gaggawa sun ragu da kashi 42 cikin ɗari a farkon annobar.

Masu zaman gida suna da hujja. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, bai kuma ɗauki hakan rashin tawakkali ba. Sai dai Umar ya kauce wa abin da bai riga ya same shi ba ne. Yaron nan kuwa raunin na jikinsa. Jijiyar da ke lanƙwasa yatsa in ta tsinke ba ta haɗewa da kanta, sai likita ya ɗinke ta cikin 'yan kwanaki, in aka yi jinkiri yatsan na iya sandarewa. Da hannun nan zai riƙe alƙalami, ya yi alwala, ya nemi na kansa.

Malaman fiƙihu sun ce idan cutarwa biyu suka haɗu, a ɗauki mai sauƙi. Korona ta fi zo wa matasa da sauƙi, takunkumi da wanke hannu suna rage haɗarinta. Uban da ya sa wa ɗansa takunkumi ya nufi asibiti shi ya yi daidai.