Kujera Mai Juyawa

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana damuna. In mutum ya faɗi magana yau, gobe kuma ya sake ta, me za mu kira shi, mai hankali ko mai fuska biyu? Ban sami amsa ba sai a rumfar wani kafinta maƙwabcinmu, ran da na zauna ina kallo yana yi wa kansa kujera.

Ga abin da ya sa shi wannan aiki. Teburin aikinsa yana gabansa, zarto da guduma suna rataye a bango ta bayansa, dutsen wasa ƙarfe kuwa yana dama da shi. Kullum cikin tashi da zama ya ke, har bayansa ya soma ciwo. Sai ya yi shawara ya yi kujerar da za ta kai shi ko'ina yana zaune.

Da farko ya auna tsayin tebur, ya sami inci 34, saboda haka ya sa mazauni ya tsaya a inci 24, don cinya ta sami wurin shiga. Ya sassaƙa turke na ƙirya, itacen nan mai tauri da a ke yin taɓarya da shi, ya kafa masa ƙafa uku. Ya ce ƙafa huɗu ta kan yi rawa in daɓe bai daidaita ba, amma uku ko ina aka ajiye ta sai ta zauna daram. Sa'an nan ya fere kan turken ya yi siriri. Ya yanko katakon maɗaci ya kewaye shi kamar faifai, faɗinsa inci 14, ya buga masa wani guntu mai kauri a ƙarƙashi, ya huda guntun don kan turke ya shiga. Tsakaninsu ya sa wani ɗan faifan ƙarfe mai huda, ya shafa man kaɗanya.

Hudar nan ita ta fi cin lokacinsa. Na ce masa, "Malam, ai ta shiga, me ya rage?" Ya ce, "Yanzu hunturu ne, itace ya bushe ya tsuke. Da damina zai sha laima ya kumbura. In na matse shi yau, ran nan ba zai juya ba, in an tilasta shi kuwa sai ya tsage. In kuma na buɗe hudar da yawa, kujera ta riƙa rawa ke nan har ta ka da mai ita."

To, jama'a, amsar tambayata ke nan. Mutane iri biyu ne su ke ɓata a wannan al'amari. Na fari shi ne wanda hudarsa ta matse. Ya ce iyakar gonarsa ta kai gindin kuka, dattawan da suka san wurin tun kakanni sun nuna masa ba haka ba ne, shi ma a ransa ya gane, amma sai ya ce namiji ba ya magana biyu. A kan kunya ɗaya tafi zira'i biyu ya rabu da ɗan'uwansa, 'ya'yansu su gaji gaba. Wannan ya ɗauka taurin kai shi ne mutunci.

Na biyu shi ne wanda hudarsa ta yi faɗi. Da safe ya ba da shaida a kan abin da idonsa ya gani, da maraice mai kuɗi ya kira shi zaure, wanshekare sai ka ji ya ce duhu ne, bai gani sosai ba. Irin wannan ba mai ba shi ajiya, ko wanda ya saye shi ma ba ya yarda da shi.

Watakila wani ya ce, ai duka juyawa ce, ƙaƙa za a rarrabe ta gaskiya da ta munafunci? Dubi kujerar. Mazauni ne ke juyawa, turke yana nan inda aka kafa shi. Turken mutum shi ne gaskiya da riƙon amana. Wanda hujja ta juya shi, a gaban jama'a ya kan juya, ya ce, "Jiya na yi kuskure," kuma galibi ya kan yi hasarar wani abu, ko dukiya ko girma. Wanda tsoro ko kwaɗayi ya juya shi, a ɓoye ya kan juya, ya musa abin da ya faɗa jiya, kuma kullum da riba ya ke fita. Saboda haka in ka ga mutum ya sake magana, kada ka yi gaggawar zaginsa ko yabonsa. Bincika abin da ya juya shi, da abin da ya samu.

Kai ma mai karatu, ran da yaronka ko matarka suka nuna maka ka yi kuskure, tuna da kafintan nan. Bai ji kunyar barin ɗan sarari a hudarsa ba, amma turken ƙirya ya sa, ba na rimi ba.