Maganin Baƙo da Imanin Mai Gida

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

'Yan uwa, a wannan yanki namu na Jama'a mun saba jin cewa coci kaza ya karɓi ayarin 'yan sa-kai. Wasu daga Jos ko Legas suke zuwa, wasu kuma tun daga Amurka. Sukan yi mako guda ko biyu, su duba marasa lafiya kyauta, su raba tabarau, wani lokaci su haƙa rijiyar burtsatse, su yi wa'azinsu su koma. Tambayar da ake ta yi a majalisa ita ce: ya halatta Musulmi ya kai ɗansa wurinsu? In ya karɓa, bai sayar da wani abu na addininsa ba?

Mu fara da tarihi, don abin ba sabo ba ne. Turawan mishan na SIM sun iso ƙasar nan a 1893, su uku. Biyu suka rasu ba da jimawa ba, Bingham kaɗai ya koma gida da rai. Daga baya suka kafa tashoshi a Kwoi da Kagoro, kuma a Kagoro ɗin nan maƙwabciyarmu aka kafa ECWA a 1954. Asibitin ido na ECWA da ke Kano da asibitin Jankwano na Jos duk daga wannan tushe suka fito. Dattawanmu nawa aka yi wa aikin yanar ido a can, suka dawo suna karanta Alƙur'aninsu da idon da Kirista ya gyara? Ba mu ji imaninsu ya ragu ba.

Shari'a ma ba ta hana ba. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta ba mu izinin kyautatawa da yin adalci ga wanda bai yaƙe mu saboda addini ba. Sahabbai sun sami mafaka a Habasha wurin Najjashi alhali ƙasar ta Kiristoci ce, kuma Annabi (SAW) ya karɓi baƙuncin Kiristocin Najran a Madina. To ina dalilin korar wanda ya zo da magani?

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. A kasuwa, mun san bambancin gyara da tarko. Gyara ita ce ka auna mudu ka ƙara ɗan abin hannu, ka sallami mutum. Tarko kuwa shi ne ka ba mayunwaci bashi don gobe ka karɓe gonarsa. Taimakon da aka ɗora wa sharaɗi, a ce sai ka zauna ka saurari wa'azi kafin a duba jaririnka, ya tashi daga sadaka ya koma ciniki da mai rauni. Uwar da ɗanta ke zazzaɓi ba ta da ƙarfin cewa a'a. Wannan ma'auni kuma a kanmu ma yake hawa: Musulmin da ya riƙe buhun masara har sai talaka ya yi shahada, shi ma tarko ya ɗana.

Saboda haka ga abin da nake gani. Baƙon da ya faɗi gaskiyar abin da ya kawo shi, ya bi ta hannun masu unguwa da iyayen ƙasa, bai keɓe yaranmu ba tare da sanin iyayensu ba, to mu karɓe shi hannu biyu, mu ba shi ruwa, mu yi godiya. Niyyarsa tsakaninsa da Mahaliccinsa ce. Imaninka kuwa ba allura ce ke cire shi ba, jahilci ne. Ka tura ɗanka Islamiyya, ka huta da tsoron tabarau.

Kada kuma mu manta inda muke zaune. Wanda ya ga rikicin Kafanchan na 1987, ya ga na 2011, ya ga abin da ya auka wa Godogodo a watan Oktoban 2016, ya san jita-jita ɗaya ta isa ta cinye gari. In wani abu bai yi maka daɗi ba game da baƙin, kai ƙara ga manya, kada ka kai ta WhatsApp.

Abin da ya fi damuna shi ne namu ɓangaren. Mutum ya bar aikinsa, ya biya kuɗin jirgi daga aljihunsa, ya zo ya kwana cikin sauro don abin da ya yi imani da shi. Mu fa? Muna da 'yan agaji, muna da ma'aikatan jinya cikin 'ya'yanmu, muna da attajirai masu zuwa umara duk shekara. Me zai hana mu ware rana ɗaya a wata mu duba marasa lafiya kyauta a ƙofar masallaci, Musulmi da Kirista, ba tare da tambayar kowa addininsa ba? Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah Ya zaunar da garinmu lafiya, Ya sa mu cikin masu bayarwa. Amin.