Ko Ciniki Da Zumunta Sun Iya Kwana Ɗaki Ɗaya?

A wannan wata muna so mu yi shawara da ku a kan wata tambaya da aka kawo mana, wadda muka daɗe muna juya ta a zuci. Wadda ta kawo ta wata 'yar'uwa ce, matar aure mai 'ya'ya uku. Ba za mu faɗi sunanta ba, gama tambayar ba tata ba ce ita kaɗai. Ta dukanmu ce.

Ita wannan 'yar'uwa tana zaune a wani ƙauye cikin ƙasar Doguwa, ba nisa da dajin Falgore. Sau biyu a mako, da la'asar, ta kan koya wa manyan mata karatu da lissafi a ɗakin makarantar ekklesiya, ba wanda ya ke biyanta ko anini. Ajin kuwa ba na masu bi kaɗai ba ne. Akwai maƙwabtanta Musulmi, akwai kuma matan Fulani daga ruga, masu so su iya karanta lamba a waya da abin da aka rubuta a katin asibiti. A nan ta ƙulla ƙawance da wata Bafulatana, har ya zama suna zuwa wa juna suna da gaisuwar mutuwa.

Tana kuma da wata ƙawa, 'yar ƙabilar Ibo, matar wani mai shago a bakin hanya. Ita ce ta nuna mata yadda a ke ɗaukar hoton kaya a sa a WhatsApp da Facebook domin masu saye su gani. Sai 'yar'uwan nan ta fara sayen man shanu wurin ƙawarta ta ruga, ta soya shi da albasa, ta tace, ta ɗura a kwalabe, ta ba direba ya kai Kano ko Jos, kuɗinta kuwa su iske ta ta waya. Sa'ad da aka yi ƙarancin takardun naira a farkon 2023, mutane da yawa suka saba da tura kuɗi ta waya, cinikinta ya ƙara buɗewa.

To, ga inda gizo ya ke saƙa. Abin da mutanen birni su ke biya ya fi ninkin abin da ta ke ba ƙawarta. Ita kuwa Bafulatanar ba ta san ana wannan ciniki ba. A zatonta man na cin gida ne da na aika wa dangi. Don haka ba ta ja da ita, abin da aka miƙa mata shi ta ke karɓa, har ta ƙara gyara. 'Yar'uwan nan ta ce mana, "Baba Fasto, ban taɓa yi mata ƙarya ba ko sau ɗaya. Amma ran da ta ƙara mini ludayi guda ta ce in ba yara, sai na ji kamar na ɗauki abin da ba nawa ba. Ashe na yi laifi?"

Kada mu yi saurin yanke mata hukunci. Bari mu fara jin masu cewa babu laifi, gama maganarsu ba ta banza ba ce. Sun ce riba halal ce. Ita ta sayi kwalabe da itace, ita ta tsaya bakin murhu, ita ta ke biyan kuɗin data da kuɗin mota, wanda ya hau ƙwarai tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. In kwalba ta fashe a hanya, hasararta ce. In wani ya karɓi kaya ya turo saƙon biya na ƙarya, ita za ta haɗiye. Ban da haka, wane ɗan kasuwa ne ya ke gaya wa manomi nawa zai sayar da masara in ya kai ta Dawanau? Dukan wannan gaskiya ne. Mun yarda ribarta da guminta ta same ta, ba kuwa za mu ce mai bi ya yi ciniki babu riba ba.

Amma akwai abu guda da suka tsallake. Sa'ad da manomi da ɗan kasuwa suka gamu a kasuwar Tudun Wada, kowa ya san matsayin ɗan'uwansa. Wannan ya taya, wancan ya ce albarka, a yi ta ja har a daidaita. Kowa na riƙe da garkuwarsa. Bafulatanan nan kuwa ta ajiye tata garkuwar, ba don wauta ba, sai don ta ɗauka ƙawa ce a gabanta, ba mai ciniki ba. Saboda haka wani sashi na ribar ba daga soya mai ya fito ba, daga ƙauna ya fito. An sayar da abin da ba a kawo shi kasuwa ba. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Gaskiya ne a kan kaza. Amma ranar da muka fara auna abokanmu da wannan karin magana, mun mai da su kaji ke nan.

Wannan al'amari ba baƙo ba ne a ƙasarmu, waya ce kaɗai sabuwa. A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin gidan fatake Agalawa, ya rasu a Kano a 1955. Shi da iyayensa da irinsu sun yi fataucin goro tsakanin ƙasar Kano da Gwanja, a ƙasar da a ke kira Gana yanzu, tafiyar watanni cikin mutanen da ba harshe ɗaya ba, ba al'ada ɗaya ba. Me ya riƙe wannan ciniki? Bafatake ya kan sauka a zango wurin fatoma, ya ba shi ajiyar kaya da kuɗi, fatoma ya nemo masa masu saye, ya tsaya masa in an ba da bashi. Sau da yawa ya kan zama aminci na gaske, har 'ya'ya su gāda. Duk da haka kowa ya san akwai la'ada, kowa kuwa ya san wanda zai ci ta. Ba a ɓoye ta a bayan gaisuwa ba. Abin da ya sa zumunta da ciniki suka yi tafiya tare shekara da shekaru ke nan.

Kakanninmu sun bambanta mutum uku. Akwai ɗan aike, wanda ya ke kai kayanka ya komo maka da kuɗinka duka, sai abin da ka ga dama ka ba shi. Akwai dillali, wanda ya ke haɗa mai saye da mai sayarwa ya ci la'adarsa a fili. Akwai kuma ɗan kasuwa, wanda ya ke saye da jarinsa, riba tasa, faɗuwa tasa. Dukan ukun nan sana'a ce mai kyau, ba wadda ta ke abin kunya. Laifin yana wurin mutumin da ya sa rigar wannan, alhali aikin wancan ya ke yi. A ganinmu amsar tambayar ke nan: aboki ya iya cin riba a hannun abokinsa, amma sai abokin ya san ciniki a ke yi. Shiru ba ƙarya ba ne kullum, amma shirun da ka san ɗan'uwanka zai fassara shi ba daidai ba, kai kuwa kana ƙaruwa da kuskurensa, ɗan'uwan ƙarya ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Wannan ma'auni ya shafi aikin sa kai kuma. Matan da suka ba malamarsu lambar waya, domin sanarwar aji suka ba ta, ba domin a cika musu waya da tallan kaya ba. In tana so ta yi musu talla, sai ta roƙi izni tukuna, wadda ta ƙi kuwa kada fuska ta sāke mata a aji. Haka kuma sha'anin lokaci. Kasuwar dā tana da ranar ci da lokacin tashi, amma kasuwar waya ba ta tashi, tana cikin aljihu dare da rana. 'Yar'uwan nan ta faɗa mana da bakinta, sau da yawa ta kan bar mata suna kallon allo, ita tana amsa wa mai saye a Jos. Ba a tauna taura biyu a baki ɗaya. Matan nan sun bar surfe da tatsa da kiwon yara suka yi tafiya a ƙasa domin sa'a biyun nan. Wanda ya yi alkawarin aiki kyauta, ya zama bashi a kansa kamar wanda aka biya, gama an dogara gare shi. Gara mutum ya ce rana ɗaya zai iya a mako ya cika ta, da ya ce biyu ya ba da rabi rabi.

Sai dai kada mu ɗora wa mai sana'a kaya duka, mu sauran mu tsaya muna kallo. Mu shugabanni muna da namu laifi. In mun ga mai ƙwazo, sai mu yi ta jibga masa aiki: ita ce a ajin manya, ita ce a Zumuntar Mata, ita ce a ƙungiyar mawaƙa, ita ce mai dafa wa baƙi. Ba mu tambaya ko ta sami lokacin neman abin da yaranta za su ci. Aikin gayya ma, da muka gāda, ba a kiran mutum ɗaya kowace rana. Yau gonar wannan, gobe ta wancan, kowa kuwa ya koma tasa. Akwai kuma 'yan'uwa masu karɓar kaya bashi su ce, "Ai ta gida ce," wata ya bi wata ba su biya ba, ita kuma kunya ta hana ta tambaya. Waɗannan su ma sun sa rigar zumunta suna cin jarin ɗan'uwansu. Laifi ɗaya ne, fuskarsa ce kaɗai ya juya.

Wataƙila wani zai ce, duk wannan magana a kan 'yan kwalaben man shanu? Mu tuna inda mu ke zaune. Ƙasarmu mahaɗar mutane ce. Haƙar kuza a Riruwai ta kawo baƙi daga wurare da yawa. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta kawo masunta da ma'aikata da masu noman rani. Hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora a ƙasar Kiru ta bi ta Tudun Wada da Falgore zuwa Jos ba ta rabuwa da matafiya. Muna zaune Kirista da Musulmi, manomi da makiyayi, rijiya ɗaya, kasuwa ɗaya. Waɗanda suka ga tashin hankalin da aka yi a Tudun Wada a 2007 ba sai an gaya musu darajar maƙwabcin kirki ba. Abota tsakanin mutanen da ba addini ɗaya ba, ba harshe ɗaya ba, kamar gadar kara ce a kan rafi: da wuyar ɗaurawa, da sauƙin karyewa. In ɗan'uwanka na ciki ɗaya ya cuce ka, ka ce wane ya cuce ni. Amma in wanda ba naku ba ne ya cuce ka, bakinka ya kan ce su wane haka su ke. Ran da Bafulatanan nan za ta ji labari a bakin wani direba a tasha, ba ƙawa ɗaya za ta rasa ba. Ruga duka za ta ji, ajin karatu kuwa za a ce tarko ne aka ɗana domin ciniki. Wace riba ce za ta biya wannan?

Shawarar da muka ba ta ke nan, ta je da ƙafarta ta faɗa, gama zumunta a ƙafa ta ke. Ta kuwa tafi. Ta ce, "Ƙawata, man nan da na ke saye wurinki sayarwa na ke yi a birni, ga abin da a ke biyana, ga kuma abin da na ke kashewa. Ya kamata in gaya miki tun da fari, ban yi ba. Ki gafarce ni." Bafulatanar ta yi shiru, ta ce ba kome, amma mako uku ba a gan ta a aji ba. Daga baya ta komo da ƙwaryarta. Yanzu ta kan yi ciniki sosai, ta kan ce albarka, ribar 'yar'uwan nan kuwa ta ragu. Ba za mu ruɗe ku mu ce gaskiya ta sa ta yi arziki ba, ba ta yi ba. Amma wani abu ya faru wanda mu ke so ku lura da shi. Bayan an gama ciniki an biya, Bafulatanar ta kan ɗebi ludayi guda dabam ta ce, "Wannan ba na kasuwa ba ne, na yara ne." Dā ma ta kan ba da shi, amma cikin rashin sani. Yanzu da saninta ta ke bayarwa, sai yanzu ya zama kyauta.

Saboda haka, 'yan'uwa, ku da ku ke riƙe da sana'a a waya, da aikin taimako a hannu, da abokai a kowane gefe, ba mu ce ku yar da ko ɗaya ba. Ku riƙe su duka in kuna iyawa. Amma kowace sa'a mutum ya tambayi kansa, wace riga na sa yanzu, wanda ya ke gabana kuwa ya san ita na sa? In akwai wani abokinka da za ka ji kunya ya ga littafin cinikinka, kada ka bari wani ya riga ka gaya masa.

Allah ya ba mu gaskiya cikin mudunmu da cikin abotarmu. Amin.