Rijiyar da Ba Ta Ƙafewa: Matsayin Buɗaɗɗiyar Manhaja a Fiƙihun Waƙafi

Wayar Android da ke hannun mai POS a kasuwar Sabon Birni, da ta ɗalibin da ke sauraron tafsiri a Isa, kowace tana ɗauke da aikin mutanen da mai ita bai taɓa biya ko sisi ba. Mai rubuta manhaja ba ya fara komai daga tushe. Akwai guntayen ayyuka da wani ya riga ya rubuta, ya gwada, ya ajiye inda kowa zai ɗauka ya dasa cikin nasa, su ake kira laburare. SQLite, wanda D. Richard Hipp ya fitar a 2000, shi ke riƙe da lambobin waya da saƙonni. zlib na Jean-loup Gailly da Mark Adler, tun 1995 yake matse bayanai don su yi sauƙin aikawa. HarfBuzz kuwa shi ke haɗa haruffan Larabci da na ajami su zauna daidai a fuskar waya. Lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomin gabashin Sakkwato a Satumbar 2021, wayoyi sun ci gaba da buɗe abin da aka adana cikinsu, domin waɗannan laburare a cikin wayar suke zaune. To, wanda ya rubuta irin wannan ya sakar wa duniya, kyauta ya yi, ko waƙafi, ko kuwa bai ba da komai ba tunda ilimi ba na kowa ba ne?

Tambayar farko ita ce ko rubutun dukiya ne. Al'adar ilimin ƙasar Gobir kamar ta karkata ga cewa a'a. Littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sun bazu daga Degel tun kafin faɗuwar Alkalawa a 1808, kuma kwafar hannu ce ta baza su. Almajiri ya ari littafi daga gafakar malaminsa, ya fiƙe alƙalami, ya dama tawada, ya zauna makonni yana kwafa ganye bayan ganye, a ƙarshe ya sa sunansa ya roƙi mai karatu addu'a. Ba a neman izinin mawallafi kafin a kwafa. Ijaza ta karantarwa ce da ruwaya, ladan mai kwafa kuma na wahalarsa ne da takardarsa. Ga kuma hadisin da ya yi wa mai ɓoye ilimi gargaɗi da linzamin wuta. Sai dai malaman wannan zamani sun duba yadda al'ada ta sauya: Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira suna da ƙimar dukiya, shari'a tana kare su. Wannan hukunci ne ya ba tambayar nauyi. Wanda ke da ikon rufewa ya sayar, amma ya buɗe, lalle ya fitar da wani abu daga hannunsa.

Waƙafi, ko hubusi a harshen Malikawa, shi ne a tsare asali a saki amfani, kamar yadda Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Mazhabar Malikiyya, wadda ake karantawa a zaurukan Isa da Sabon Birni, ta fi sauran faɗi a nan: ta halatta waƙafin abin da ake ɗauka, kamar littafi da doki, har da waƙafin amfani kaɗai, da na ƙayyadadden lokaci. Abin da ya fi dacewa da batun manhaja shi ne ra'ayin da ke cikin Mukhtasar na Khalil, cewa mallakar abin tana nan ga mai waƙafi, amfanin ne ya fita. Haka lasisin buɗaɗɗiyar manhaja yake: sunan marubuci da haƙƙinsa suna nan, amma ba shi da ikon hana kowa ɗauka, gyarawa ko rabawa. Majalisar Fiƙihu ta sake zama a Sharjah a 2009 ta halatta waƙafin irin waɗannan haƙƙoƙi da ba a taɓa su da hannu. Sharaɗin mai waƙafi ma yana da takwara. Lasisin GPL da Richard Stallman ya fitar a 1989 ya gindaya cewa duk wanda ya gyara ya raba, sai ya bar nasa gyaran a buɗe. Hipp bai gindaya komai ba. A saman rubutun SQLite, inda wasu ke sa gargaɗin lauya, shi fatan alheri ya rubuta, abin da ke tuna wa mai karatu ƙarshen kwafin almajiri.

Kwatancen yana da inda ya ratse. Ruwan rijiya yana raguwa in an ja guga, manhaja kuwa kamar ɗiban wuta ce a murhun maƙwabta, wanda aka ɗiba a wurinsa bai rasa komai ba. Saboda haka wasu za su ce sunan da ya fi dacewa shi ne ilimi mai amfani, ɗaya daga cikin abubuwa uku da hadisin Muslim ya ce ba sa yankewa bayan mutuwa. Ko wanne aka ɗauka, lada na bin niyya, kuma kamfanin da ya buɗe manhajarsa don jawo kasuwa ciniki ya yi, halal ne, amma ba sadaka ba.

Batun mai bayarwa ya janye abin da ya saki kuwa ya taɓa faruwa a zahiri. A Maris ɗin 2016, Azer Koçulu ya yi fushi kan rigimar suna, ya cire laburarensa daga rumbun npm, ciki har da left-pad mai layi 11 kacal. Dubban ayyuka suka tsaya cik, har masu rumbun suka maido da shi ba da yardarsa ba. A ma'aunin Malikawa, kyautar da aka riga aka karɓa ba ta komawa, waƙafi ma haka. Yana da 'yancin daina aiki, amma toshe rijiyar da gari ya dogara da ita wani abu ne daban.

Akwai tambayar da ta fi ciwo a wannan yanki. Wayar da manomi ke kiran ɗansa da ita, irinta ɗan bindiga ke kira da ita ya nemi kuɗin fansa, kuma laburare ɗaya ne ke aiki a cikin biyun. Shin marubucin laburaren yana da kamasho a zunubin? Alƙarafi, a littafinsa Alfuruƙ, ya raba hanyoyin ɓarna kashi uku, ya nuna akwai wanda malamai suka haɗu a kan ba a toshe shi, kamar noman inabi, wanda ba a hanawa don tsoron giya. Laburaren da amfaninsa na halal ya rinjaya nesa ba kusa ba yana cikin wannan kashi. Hukuncin yana sauyawa ne ga wanda ya ƙera manhaja takanas don sata ko leƙen asirin mutane.

Inda fiƙihun waƙafi ya fi haskaka lamarin shi ne kula. Duk wanda ya san ƙauye ya san ginin rijiya ya fi yasarta samun masu taimako. Malamai sun sa gyaran waƙafi gaba da rabon amfaninsa, ko da mai waƙafin bai faɗa ba, sun kuma yarda a biya naziri, wato mai kula da waƙafin, daga abin da yake shigowa. Duniyar manhaja ta yi sakaci da wannan babi. Da aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL a Afrilun 2014, sai ta bayyana cewa laburaren da bankuna da manyan kamfanoni suka jingina da shi gudummawar kusan dala 2,000 yake samu a shekara. A Maris ɗin 2024 kuma aka gano wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kimanin shekara biyu yana nuna kirki ga Lasse Collin, wanda ya gaji da riƙon laburaren xz shi kaɗai, har ya samu amana ya dasa ƙofar ɓoye. Injiniya Andres Freund ne ya lura, saboda jinkirin rabin daƙiƙa da ya gani.

Abin da jama'a ba sa iya rayuwa sai da shi, tsayar da shi farilla ce ta kifaya, kuma nauyin ya fi hawa kan mai cin riba da mai iyawa. Ga masu Hausa akwai ɓangaren da babu mai ɗauke musu: fassara saƙonnin manhaja, kai rahoto idan ƙ ko ɗ ko ɓ ta fito kamar akwati, da gwada ajami a kan rubutun Alkalami da cibiyar SIL ta saki kyauta bisa salon hannun Kano. Kuɗin irin wannan aiki yana iya fitowa daga waƙafi, kamar yadda ake biyan mai gyaran famfon masallaci, kuma Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato na cikin wuraren da za a iya kai wannan magana.