FAM ƊAYAN KAKA A GWANJON INTANET: CINIKI NE KO RIBA?

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Ranar Talatar da ta wuce bayan la'asar, wani matashi daga cikin masu sallah a bayanmu nan Sakaba ya tsaya har jama'a suka watse, sannan ya matso ya kwance wata baƙar leda. A ciki akwai takardar fam ɗaya, da naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay guda huɗu, da takardar kwabo hamsin wadda iyayenmu ke kira sule biyar, da dalar azurfa guda ɗaya. A adakar kakansa ya same su bayan rasuwarsa, Allah Ya jiƙansa. Sai kuma ya zaro wata naira dubu ta yanzu daga aljihu, wadda lambarta ke da bakwai-bakwai a jere. Ya ce, "Allah gafarta Malam, na ga a waya ana gwanjon irin waɗannan, har da dala ake biya. Ya halatta in saka nawa?"

Na ce masa ledarka ɗaya ce, amma mas'ala uku ka kawo, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Tunda na san ba shi kaɗai ke da tambayar ba, ga amsar a nan.

Da farko, harkar gaskiya ce, ba tatsuniya ba. Akwai mutane a duniya da sha'awarsu tara tsofaffin takardun kuɗi. Ana saka hoton takarda a shafuka irin su eBay, a sa farashin farawa da lokacin rufewa, jama'a su yi ta tayi, wanda tayinsa ya fi a sallama masa, masu shafin su cire la'adarsu, a aika masa ta gidan waya. Har akwai kamfanoni irin su PMG a Amurka da aikinsu duba lafiyar takarda, su ba ta maki daga 1 zuwa 70. A 2014 an sayar da wata takardar dala dubu ta Amurka, bugun 1890, a kan sama da dala miliyan uku. Irin wannan labarin ne ke hana samarinmu barci. Amma ita wannan 'yan ƙwarori ne suka rage a duniya. Naira ɗayan kakanka kuwa miliyoyi aka buga, kuma ta sha ninki, ta sha zufa a lalita. Kar ka ci bashi da sunanta.

To, hukunci. Tambaya ɗaya ce ke raba komai: takardar nan har yanzu kuɗi ce, ko ta mutu?

Hadisin Ubada bin Samit da ke cikin Sahihu Muslim ya lissafa abubuwa shida, zinariya da azurfa na kan gaba, ya shar'anta cewa in za a musanya ɗayansu da jinsinsa sai an daidaita kuma hannu da hannu. In jinsi ya bambanta, fifiko ya halatta amma sharaɗin hannu da hannu yana nan. Wani zai ce ai naira takarda ce, ba zinariya ba. Imamu Malik ya rufe wannan ƙofar tun tuni. A cikin Mudawwana an ruwaito ra'ayinsa cewa ko fata mutane suka mayar kuɗin da suke ciniki da shi, ba zai so a sayar da ita da zinariya ko azurfa a kan jinkiri ba. Ka ga ashe ba ƙarfen ake kallo ba, aikin da abin yake yi a hannun jama'a ake kallo. A kan haka majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta tsaya a 1402 bayan hijira, haka ma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Amman a 1986: kuɗin takarda kuɗi ne mai cin gashin kansa, hukuncin riba da zakka na hawa kansa, kuma kuɗin kowace ƙasa jinsi ne daban.

(Rubutun boko yana wahalar da mu a nan, domin ribar ɗan kasuwa da riba ta haram harufansu ɗaya. A wannan rubutu in na ce riba, ta haram nake nufi.)

Yanzu ɗauki fam ɗayan nan. Najeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo ranar 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya a naira biyu. Naira ɗaya da kwabo hamsin na takarda kuma an mayar da su ƙarfe a 1991. Je ka kasuwar Dirin Daji da su, ko ƙulli ɗaya na gishiri ba mai ba ka. Illar da ta sa suke kayan riba ta tafi, sun zama haja kamar tsohuwar tukunya ko takobin gado. Wannan shi ne abin da malamai da dama na wannan zamani suka tafi a kai, kuma shi nake gani daidai. Ka sayar da fam ɗaya a naira dubu hamsin in ka sami mai saye, a biya ka yau ka aika gobe, babu laifi.

Naira dubun nan mai bakwai-bakwai kuwa, nan ne gizo ke saƙa. Tana da rai. In ka miƙa ta ga mai shayi zai karɓa ya ba ka canji. Sayar da ita a naira dubu biyar musanyar naira da naira ce tare da fifiko, wato ribal fadli. Kyan lamba ba ya canza komai, kamar yadda kyan dabino bai canza ba lokacin da Bilal ya ba da sa'i biyu na maras kyau ya karɓo sa'i ɗaya na mai kyau, Manzon Allah (SAW) ya bayyana masa cewa wannan ita ce ribar kanta. Matashin ya ce, "To Malam, in Bature ne ya saya da dala fa? Ai jinsi ya bambanta." Na yi murmushi, domin tambayar mai karatu ce. Na ce haka ne, fifiko ya halatta, amma ina hannu da hannu? Shi ya biya yau, takardarka na cikin ambulan za ta yi makonni a hanya. Ka gudu daga ribal fadli ka faɗa riban nasi'a. Dalar azurfar ma haka take. Irin mai hoton sarauniyar Austiriya ce, mai ɗauke da shekarar 1780, wadda fatake suka yi ciniki da ita a ƙasar Hausa. An daina kashe ta, amma azurfa ba ta daina zama azurfa. Sayar da ita da naira ko nawa ne ya halatta, sai dai a karɓa a miƙa a zama ɗaya. Ita ba ta gidan waya ba ce.

A nan ina so a kula da wani kuskure. Kalmar "tsohon kuɗi" ta rikice a bakinmu tun canjin kuɗin da Babban Banki ya sanar a Oktoban 2022, lokacin Godwin Emefiele. Duk mun tuna farkon 2023: layi a ƙofar bankunan Zuru tun asuba, magidanci da kuɗi a asusu amma gidansa ba a ɗora tukunya ba. Da idona na ga wanda ya tura dubu goma sha biyu ya karɓi dubu goma a hannu. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu, a Nuwambar shekarar kuma ta cire wa'adin gaba ɗaya. Saboda haka waɗannan "tsofaffi" ne a suna kawai, hukuncinsu hukuncin kuɗi mai rai. Haka naira ɗari ta tunawa da shekara ɗari da haɗe Najeriya, bugun 2014. Naira biyar da naira goma na leda, waɗanda yara ma ke raina su yanzu, har yau hukuma ba ta soke su ba. Ni dai ina ganin a nisanci sayar da su da fifiko.

Kuma tunda an zo nan, bari in faɗa ko da ba za a ji daɗi ba. Mu da muke tambayar gwanjon Turawa, ribar da ta fi kusa da mu tana ƙofar gidan biki. Bandir ɗin sababbin kuɗi da ake saye da ƙari don a yi liƙi, shi ne wannan mas'alar sak, ba bambanci ko na anini. Dokar ƙasa ma ta hana: sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya haramta liƙi da sayar da takardun naira, da hukuncin ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira dubu hamsin ba, ko duka biyun.

Shi gwanjon kansa halal ne. Bukhari ya ƙulla masa babi a cikin Sahihinsa, kuma Malik ya bayyana a Muwaɗɗa cewa hanin yin tayi a kan tayin ɗan uwa yana farawa ne bayan mai kaya ya karkata ga mai saye, ba lokacin da kaya ke a fili kowa na tayawa ba. Abin da aka hana shi ne najashu, wato ka taya kaya ba don ka saya ba, sai don ka ingiza wani. A kasuwar shanu mun san shi, dillali ya ƙyafta wa abokinsa ido. A intanet ya fi sauƙi, shi ya sa ya fi haɗari: ka buɗe asusu na biyu da wani suna, ko ka ce wa abokinka ya taya maka sau biyu farashi ya motsa. Ba mai ganinka sai Allah. A mazhabarmu, in da sanin mai kaya aka yi, mai saye na da zaɓin mayar da kaya. Haka goge takarda da dutsen guga don ɓoye ninki, ko ɗaukar hoto ta gefen da yagewar ba ta fito ba. Algus ne, irin na mai ɓoye jiƙaƙƙen hatsi a ƙasan buhu.

Sannan duk wanda ya biyo ka ta WhatsApp ya ce takardarka ta kai miliyoyi amma sai ka fara tura kuɗin rajista, ɗan damfara ne. Mai saye shi ke biya, ba shi ake biya ba.

Da na gama duk wannan, sai na tambayi matashin abin da bai tambaye ni ba: an raba gadon kakan naka? Ya sunkuyar da kai. Ashe akwai gwaggonninsa biyu, ɗaya na aure a Rijau, kuma ba wanda ya san da ledar sai shi. Na ce masa to fam ɗin nan ba naka ba ne tukuna. Jiya da ba ta da daraja ba wanda zai kula, amma ranar da ta zama haja mai farashi ta shiga dukiyar mamaci, kuma kai jika ne, mahaifinka na raye, ba ka cikin magada ma. Sayar da abin da ba ka mallaka ba wata ƙofar haram ce daban. Ka kai wa mahaifinka, a sanar da gwaggonninka, in sun yarda su wakilta ka ka saka a gwanjo, har lada za su iya yanka maka. Naira dubun kuma ka sayi kati da ita.

Jiya ya aiko mini da saƙo cewa gwaggon ta Rijau ta ce a sayar da komai amma ban da dalar, domin a wuyan mahaifiyarta ta san ta. Sauran magada sun bar mata.

Wallahu a'alam.